Yadda ake samun barci a cikin jirgin sama

Akwai mutanen da ba su san wahalar barci ba a gida, da sun sa kai a matashi shi ke nan sai safiya, amma su yi awa goma a jirgin sama idonsu biyu. Ba laifinsu ba ne. Kusan duk abin da jiki ke bukata kafin ya saki ya yi barci, jirgi ya hana shi: shimfiɗa, duhu, shiru, da lokacin da ya saba. Don haka kada ka shiga da burin barcin awa takwas a kujerar gama-gari. Abin da za a iya samu, in an yi shiri, shi ne awa uku zuwa huɗu a lokacin da ya dace, kuma yawancin aikin samun su ana yin sa ne tun kafin a taka matakalar jirgi.

Abin da ke hana barcin

Jirgin fasinja yana tafiya ne a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000. Ana cusa iska a cikinsa don a iya numfashi, amma ba a kai nauyinta na ƙasa. Zama a ciki daidai yake da zama a kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Sababbin jirage irin Boeing 787 da Airbus A350 suna riƙe ta kusa da 1,800, tsofaffi kuwa sun fi kusa da 2,400. A wannan yanayi iskar oksijin da ke cikin jinin lafiyayyen mutum kan sauka daga kashi 97 ko 98 cikin ɗari zuwa wajen 90 zuwa 93. Ba abin tsoro ba ne ga mai lafiya, sai dai yana kawo kasala da ɗan ciwon kai, kuma barcin kan zama sama-sama. Iskar da ke cikin hanji ita ma tana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa wandon da ya yi daidai a ƙasa yake matse ciki a sama.

Ga kuma bushewa. Laimar iskar jirgi ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, alhali ɗakin kwana mai daɗi yakan kai 40 zuwa 60. Hanci ya bushe, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, mutum ya farka yana neman ruwa. Ƙugin inji da na iskar da ke gogar jikin jirgi kuma yakan tsaya tsakanin desibel 75 da 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, tun daga tashi har sauka.

Amma babbar matsalar ita ce zama. Idan barci ya fara nisa, tsokokin wuya da na baya suna saki, musamman a matakin da ake mafarki. A kan gado wannan ba komai ba ne. A kujera kuwa kai, wanda nauyinsa ya kai kilo 5, sai ya rinjaya gaba ko gefe, ƙwaƙwalwa ta ɗauka faɗuwa za a yi, ta farkar da mutum firgigit. Wannan shi ne gyangyaɗin da ake ta yi ana farkawa har jirgi ya sauka. Duk wanda ya shawo kan inda kansa zai tsaya ya gama rabin aikin.

Mataki na farko: ka yi lissafin ko ya kamata ka yi barcin ma

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ba kowace tafiya ce ta barci ba. Ka rubuta abubuwa uku a takarda ko a waya: lokacin tashi, tsawon tafiyar, da agogon inda za ka sauka.

Ɗauki jirgin da ya tashi daga New York ƙarfe 7 na yamma zuwa Landan. Tafiyar kamar awa 7 ce, Landan kuma tana gaba da awa 5, don haka za a sauka ƙarfe 7 na safe agogon can, alhali jikinka yana cewa ƙarfe 2 na dare ne. Yanzu duba tsakiya. Ana fara raba abinci kamar awa ɗaya bayan tashi, kuma kafin a kwashe tire a rage fitilu an ci awa biyu ko fiye. Kamar awa ɗaya da rabi kafin sauka kuma za a sake kunna fitilu don karin kumallo. Abin da ya rage bai wuce awa uku da rabi ba, kuma farkonsa ya faɗo ne ƙarfe 9 na dare a agogon jikinka, lokacin da wataƙila ba ka saba kwanciya ba. Ka ga ke nan ba don ka kasa ba ne, lokacin ne bai isa ba.

Maganin tafiya gabas irin wannan abu uku ne. In akwai zaɓi, ɗauki jirgin da ke tashi ƙarfe 10 ko 11 na dare, wanda ya yi daidai da lokacin barcinka. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, ka riƙa kwanciya da tashi da wuri, kullum awa ɗaya kafin lokacin jiya. Sannan ka ci abincinka a ƙasa, ka yafe na jirgi, don ka fara neman barci da zarar an kashe alamar ɗaura bel.

Tafiya yamma da rana akasin haka ce. Jirgin da ya bar Landan ƙarfe 12 na rana zai isa New York wajen ƙarfe 3 na yamma. In ka yi barcin awa biyar a hanya, daren farko a can ba za ka runtsa ba. Abin da ya dace shi ne ɗan barcin minti 20 zuwa 30, in gajiya ta yi yawa minti 90, wanda shi ne kusan tsawon zagaye ɗaya na barci. Tafiyar kudu da arewa, inda agogo bai canza ba, ba ta da wannan rikici: ka yi barci a lokacin da ka saba.

Wata dabarar da ake yawan bayarwa, wai mutum ya ƙi barci daren da zai yi tafiya don ya samu ya yi a jirgi, ba ta da amfani. In barcin ya ƙi zuwa, ka tashi da bashin dare biyu.

Zaɓen kujera

Yawancin kamfanoni suna buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Ka shiga da wuri ka buɗe taswirar kujeru.

Kujerar taga ita ce ta mai son barci. Akwai bangon jingina kai, murfin taga yana hannunka, kuma ba wanda zai tashe ka don zai je ban-ɗaki. Ka zaɓi ɓangaren da ya dace da gefen da ka saba kwanciya: mai kwanciya a gefen dama ya nemi tagar hannun dama in yana fuskantar gaban jirgi. Aibinta biyu ne. Bangon yana da sanyi, domin a waje sanyin yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, sannan mai zaman taga yakan ji nauyin tayar da maƙwabta, sai ya daɗe bai motsa ba. Wanda ke yawan fitsari, ko wanda likita ya ce ya riƙa takawa, gara ya ɗauki ta bakin hanya. A manyan jirage masu hanya biyu, kujerar bakin hanya ta rukunin tsakiya ta fi, don mutum ɗaya ne kawai, wani lokaci ma babu, zai tsallake ka.

Saitin fiffike ne inda aka fi samun sauƙin girgiza, bayan jirgi kuma can ne ta fi tsanani. Gaban injuna ya fi bayansu shiru. Ka guji layin ƙarshe da layin da ke gaban ƙofar gaggawa, domin sau da yawa kujerunsu ba sa kwanciya baya, ko kaɗan suke yi. Ka guji kusa da ban-ɗaki da wurin haɗa abinci: haske, ƙarar ƙofa, da masu layi suna dafa kujerarka. Layin da ke fuskantar bango yana da filin gwiwa, amma nan ake maƙala gadon jarirai, hannun kujerar ba ya ɗagawa, kuma babu wurin miƙe ƙafa a ƙarƙashin kujerar gaba.

Kayan da za su kasance a hannunka

Ka haɗa su a ƙaramar jaka guda wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera, ba a ma'ajiyar sama ba: abin toshe kunne na soso, abin rufe ido, matashin wuya, safa mai kauri, rigar sanyi mai zif, man leɓe, da gorar ruwa. Gorar ka wuce da ita wurin bincike babu komai a ciki, don a yawancin filayen jirgi ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100, sai ka cika ta bayan ka wuce. Abin rufe ido mai ɗan rami a saitin ido ya fi shimfiɗaɗɗe, don ba ya danne fatar ido. Tufafi su zama sakakku kuma hawa-hawa, yadda za ka cire ko ka ƙara. Mai sa gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido ya cire shi ya sa tabarau, domin barci da shi a busasshiyar iska yana jawo jan ido da zafi.

Ci da sha ranar tafiya

Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi, shayi, da lemon ƙara kuzari yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin da ka sha ƙarfe 5 na yamma kana jiran jirgi, rabin ƙarfinsa yana nan ƙarfe 10 na dare. Ka daina sha aƙalla awa 6 zuwa 8 kafin lokacin da ka tsara barci. Barasa kuwa yaudara ce: tana sa barci ya zo da wuri, sannan ta farfasa shi bayan awa biyu ko uku, ta ƙara fitsari da ƙishirwa da minshari.

Abinci ya zama marar nauyi, awa biyu ko uku kafin barci. Ka rage mai maiƙo, mai yaji, da duk abin da ka san yana kumbura maka ciki, har da lemo mai gas. Ruwa kuma a sha da tsari: ka sha sosai da rana, a jirgi kamar kofin ruwa ɗaya duk awa muddin kana farke, sannan ka rage a awar ƙarshe kafin barci. Kada ka ƙi shan ruwa gaba ɗaya don gudun ban-ɗaki, ƙishirwar ma za ta tashe ka.

A cikin jirgi, daki-daki

Da ka zauna, juya agogonka zuwa na inda za ka. Kada ka fara shirin barci tun jirgi yana ƙasa, domin dole kujera ta tsaya a miƙe har a tashi, ga sanarwa a kai a kai. Da an kashe alamar bel, je ban-ɗaki ko da ba ka matsu ba, ka goge haƙora, ka wanke fuska. Yin abin da ka saba yi kafin kwanciya yana sanar da jiki cewa dare ya yi. Gaya wa ma'aikacin jirgi kada a tashe ka don abinci. Kashe allon da ke gabanka gaba ɗaya, ba rage haskensa kawai ba. Fasfo, kuɗi da waya su kasance a aljihu mai zif a jikinka.

Sai zama. Waiwaya ka tabbata na bayanka ba ya cin abinci, sannan ka kwantar da kujerar a hankali har iyakarta. Ɗan kwanciyar nan, ko da santimita 5 zuwa 10 ne, yana mayar da nauyin kai baya maimakon gaba. Tura ɗuwawunka har ƙarshen kujera. Ƙaramin matashin da ake rabawa ba na kai ba ne a nan: sa shi, ko rigar da ka naɗe, a ramin ƙugu, don kada baya ya lanƙwashe ya fara ciwo bayan awa ɗaya. Yawancin kujerun doguwar tafiya suna da majinginar kai da ke hawa sama da ƙasa, mai kunnuwa biyu da ake lanƙwasowa ciki. Mutane da yawa ba su san da su ba. Daidaita ta da ƙeyarka ka lanƙwaso kunnuwan su riƙe kai.

Matashin wuya mai siffar kofaton doki yawanci ana sa shi ba daidai ba. In kaurinsa yana ƙeya, turo kai yake yi gaba, wato inda ba a so. Juya shi: kaurin ya dawo ƙarƙashin haɓa, buɗaɗɗen bakin ya koma baya. Haɓa ta samu abin hawa, kai ya daina rinjaya. In a taga kake, juya kaurin zuwa gefen bango, ka cike tazarar da ke tsakanin kafaɗa da bango da rigar sanyi. In na hurawa ne, kada ka cika shi tam a ƙasa, don iskar ciki za ta kumbura a sama ya yi tauri.

Ƙafafu su miƙe ƙarƙashin kujerar gaba, ba a harɗe ba. Mai gajerun ƙafafu ya jawo jakarsa ya ɗora su a kai, don kada bakin kujera ya danne bayan cinya. Sassauta igiyar takalmi ko ka cire shi ka sa safa, amma ka sani ƙafa tana kumbura, mayar da matsattsen takalmi zai yi wuya. Kifa kai a kan teburin cin abinci yana yi wa wasu na minti ashirin, sai dai yana murɗe wuya, yana danne ciki, kuma in na gaba ya kwantar da kujerarsa kanka ne zai sha. Kwanciya a ƙasan jirgi kuwa an hana, ga babba ga yaro.

Abin toshe kunne na soso, in ba a sa shi daidai ba, kusan ba ya rage komai. Murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya yi ninki ba. Zagaya ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe. Zura shi ciki, ka riƙe da ɗan yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura ya cike ramin. In ya zauna, za ka ji muryarka ta koma cikin kai, kuma wanda ya dube ka ta gaba da ƙyar zai hango shi. Na'urar kunne mai kashe ƙara tana maganin ƙugin inji sosai, amma ba ta iya kukan jariri da hirar maƙwabta kamar yadda soso ke yi. Ana iya haɗa su: soso a ciki, na'urar a kai.

Abu na ƙarshe kafin ka rufe ido: ɗaura bel a kan bargo, ba a ƙarƙashinsa ba. In jirgi ya shiga gargada ma'aikata za su zo dubawa, in ba su ga bel ɗin ba dole su tashe ka. Ban da haka, girgiza mai ƙarfi tana iya zuwa ba sanarwa, kuma waɗanda suka fi jin rauni su ne marasa bel.

Yanzu ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Saki muƙamuƙi da kafaɗu. Kada ka duba agogo ko taswirar tafiya. In minti 30 sun wuce barci bai zo ba, kada ka yi ta kokawa da shi. Saurari wani abu mai sanyi da ka riga ka sani, ido a rufe, ko ka tashi ka taka zuwa baya ka dawo ka sake gwadawa. Hutawa ido rufe a cikin duhu bai kai barci ba, amma ya fi awa uku na kallon fim nesa ba kusa ba. In wayarka ta sulale cikin kujera kana barci, kada ka motsa kujerar, kira ma'aikaci: in ƙarfen ya matse batirin yana iya kamawa da wuta.

Maganin barci

Nan sai a yi hattara. Ƙwayoyin barci masu ƙarfi, irin su zolpidem, an yi su ne don mai awa 7 zuwa 8 a kan gado. A tafiyar awa shida za ka sauka da magagi, ga layin shige da fice, ga kaya. Suna kuma sa mutum ya daɗe a wuri ɗaya bai motsa ba, wanda ke ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma in aka samu larurar gaggawa mai magagi ba zai iya fita da sauri ba. In likita ya rubuta maka, ka kiyaye abu huɗu: gwada shi a gida tukuna, kada ka sha sai jirgi ya tashi sama domin ana iya jinkiri ko a sauke fasinjoji, kada ka haɗa da barasa, kuma ka riƙe shi a kwalinsa tare da takardar likita, don wasu ƙasashe suna tsananta doka a kan irin waɗannan magunguna.

Ƙwayar melatonin daban ce. Maganin ba ya bugar da mutum, sanar da jiki yake yi cewa dare ya yi, don haka amfaninsa ya fi fitowa wajen daidaita agogon jiki bayan tafiya gabas mai tsallake awa 5 ko fiye. Ana shan miligiram 0.5 zuwa 5 daf da lokacin kwanciya na inda za a sauka. In aka sha a lokacin da bai dace ba, agogon jiki yana iya karkata ta inda ba a so. A wasu ƙasashe ana sayar da shi kai tsaye, a wasu sai da takardar likita. Mai farfaɗiya, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci suna ƙara bushewar baki, kuma kada a ba yara don su yi shiru: wasu yaran ma birkicewa suke yi maimakon barci.

Daskarewar jini a ƙafa

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zama na awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa kusan sau biyu, ko da yake ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, kamar mutum 1 cikin 6,000. Duk lokacin da ka farka, motsa ƙafa: ɗaga dunduniya ka sauke, ɗaga yatsu ka sauke, sau 20, sannan ka juya idon sawu. In kana farke, tashi ka taka duk bayan awa ɗaya ko biyu. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai juna biyu ko mai jego, mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estrojin, mai ciwon daji, da wanda jininsa ya taɓa daskarewa, su ga likita kafin tafiya. Yakan ba da shawarar safar matsi mai kaiwa ƙasan gwiwa, wadda ake sawa tun kafin a shiga jirgi. In bayan sauka, ko da da kwanaki ne, sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji, asibiti za a nufa nan take.

Mai larurar ɗaukewar numfashi a barci, wanda ke kwana da na'urar CPAP mai hura masa iska, ya sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tafiya, kuma ya tanadi batiri maimakon dogaro da soket ɗin kujera.

Farkawa kafin sauka

Sa ƙararrawa mai jijjiga ta tashe ka minti 45 kafin sauka. Jirgi yakan fara gangarowa kamar minti 30 kafin ya taɓa ƙasa, nauyin iska yana ƙaruwa yana danna gangar kunne ciki. Abin da ke daidaita shi shi ne siririyar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro, kuma ba ta buɗewa sai an haɗiye yawu ko an yi hamma. Mai barci ba ya yawan haɗiya, shi ya sa wanda ya yi barci har ƙasa yakan farka da kunne a toshe yana zugi. Cire soson kunne, kurɓi ruwa, tauna cingam. In kunnen ya ƙi buɗewa, toshe hanci da yatsu, rufe baki, ka hura a hankali ba da ƙarfi ba. Jariri a ba shi nono ko abin tsotso a wannan lokacin. Mai mura ya fi kowa shan wannan wahala.

Bayan sauka, agogon jiki yakan matsa ne da kamar awa ɗaya a rana, kuma haske ne ke jan sa. A misalin Landan ɗin nan, ƙarfe 7 na safe daidai yake da 2 na dare a jikinka, kuma haske mai ƙarfi a wannan lokacin baya zai mayar da agogon maimakon gaba. Sa baƙin tabarau har wajen ƙarfe 10, daga nan ka fita cikin rana sosai. In barci ya ci ƙarfinka da rana, kada ya wuce minti 30, kuma kada ka tuƙa mota daga filin jirgi in ka san daren nan ba ka samu ko awa biyu ba.